Taikin Yashi a Rumfar Takalma

Shekara kusan talatin na yi ina dako kafin gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Na zo Garwa ina saurayi a bayan fataken goro, na ɗauki kanwa da gishiri da danƙo tsakanin Garwa da Ngawundere da Tibati, har Jamus suka zo suka ƙara mana da akwatunansu da ba su san darajar gammo ba. A hawan dutsen nan da ake yi kafin a shiga Ngawundere gwiwar ta yi ƙara, na durƙusa da akwati a ka. A kan jaki aka dawo da ni gida, ni da nake yi wa jakuna dariya.

Da na fara takawa da sanda, tsoro ya kama ni. A lokacin, in damina ta kawo jirage ta Binuwai suka sauke kaya, Jamus kan nemi 'yan dako, mai unguwa ya bi gida gida. Ba ya tsallake kowa sai wanda sarkin wata sana'a ya ce nasa ne. Ni kuwa kowa ya san wuyana da kaya, kuma na san in aka sake ɗora mini akwati, a hanya za a binne ni.

Abu ɗaya na iya bayan dako, shi ne gyaran takalmi. A zango, duk wanda nasa ya tsinke ni yake kawo wa, da basillata a cikin hula. Na ce wa maiɗakina zan kafa rumfar takalma. Ta dube ni ta ce, "Maigida, da furfura za ka fara koyon sana'a?" Amma washegari ita ta je wurin mahauta ta sayo mini ƙirgi, wato busasshiyar fatar shanu.

Na je gaban sarkin dukawa na durƙusa da gwiwa ɗaya. Dattijo ne mai rawani da sanyin magana mai cizo. Ya ce, "Malam, mu gado muka yi. Kai haye ne. Zauna can ƙarshen layi kusa da mahauta, in ƙudaje sun bar ka. Amma ban ce kai namu ba ne." Na yi godiya, raina yana tafasa.

Na fara aiki yadda na ga suna yi. Mai saye ya zauna a kujera, ya miƙo ƙafa, a zana ta da gawayi a kan fata, a yanka. Wanda ya fara saye wani tsohon abokin tafiyata ne, Bafulatani mai bakin tsiya, wanda muka sha fura a ƙwarya ɗaya shekara da shekaru. Ya yi tafiyar kwana huɗu ya dawo, ya jefa mini takalman a cinya. Ɗan yatsansa ya goge da dutse har jini, dunduniya ta leƙo waje ta tsage. Ya ce da bakin Fulani, "Soobajo, abokina, wa ka yi wa wannan? Ni ko ladanin masallaci?" Dukawa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na ji kunya sosai, amma maganarsa ta tsaya mini. Na ɗora takalmin a ƙafarsa yana zaune, ya yi daidai cif. To me ya faru a hanya? Sai na tuna abin da ƙafata ta sani tun ina saurayi, kaina ne bai taɓa tambayarta ba. Da safe a zango takalmi yakan yi maka daidai, da an ɗora maka kaya sai ya matse. Ƙafar da ke ƙarƙashin kaya shimfiɗewa take yi, yatsu su buɗe, dunduniya ta baje. Dukawa ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi tabarmar salla nauyi ba, ina za su sani?

Na sa aka cika mini taiki da yashin Binuwai, na yi ta ragewa ina ƙarawa har ya kai nauyin akwatin Jamus. Daga ranar, duk ɗan dakon da ya zo, sai abokansa su ɗora masa taikin a ka, ya taka fata yana tsaye, sannan in zana. Kasuwa ta sami abin kallo. Masu nono suka ce tsohon nan kewar kaya ce ta taɓa masa kai. Ban kula su ba. Na yi wa abokina sabo, ya ja mini wasu mutum shida da za su Ngawundere, suka ɗauki yashi suna ƙunƙuni.

Ruwa ya ɗauke, jirage suka koma, kaya suka taru a bakin kogi. Ran wata kasuwa da hantsi mai unguwa ya tsaya a bakin rumfata ya ce in shirya, jibi zan ɗauki kayan Jamus. Ana cikin haka sai ga ayarin Ngawundere ya shigo, abokina a gaba. Bai ko gaisa ba, ya cire takalmi ya ɗaga sama, ya nuna ƙafarsa ba ko ƙwarzane. Bayansa 'yan dako ne jingim, wasu a ƙafa ba takalmi, wasu sun ɗaure nasu da tsumma, kowa yana tambayar ina rumfar mai yashi.

Hayaniyar ta taso da sarkin dukawa. Ya karɓi takalmin ya juya shi, ya ce bai taɓa ganin ɗinki mai muni kamar wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sannan ya zauna ya ce in zana ƙafarsa. Na zana. Ya tashi, ya warware rawaninsa a gaban jama'a, ya ce a ɗora masa taikin. Mutum biyu suka ɗora, wuyansa yana rawa, ya taka kan zanen. Ƙafar ta fito waje da faɗin yatsa guda. Ya daɗe yana duban ƙasa kafin a sauke masa.

Ya juya wurin mai unguwa yana haki ya ce, "Wannan namu ne. Nemi wani."

Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko a aurena. Na koma gida ina ɗingishi ina dariya, maiɗakina ta ce dama ita ta san haka za a yi, na bar ta da wannan ƙaryar don ita ta sayo ƙirgi. Ba a mayar da ni tsakiyar layi ba, kuma ban nema ba, don 'yan dako sun riga sun san hanyar ƙarshen layi. Ɗinkina ma bai taɓa yin kyau ba har yau.

Taikin ya tsage an sauya shi sau uku. Fatake sun ɗauke shi, 'yan dakon Jamus sun ɗauke shi, sarkin dukawa ya ɗauke shi da kansa. Ni kaɗai ne a kasuwar Garwa ba a sake ɗora wa kaya ba.