Garin da na gina a durowar Umma

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, ina aji huɗu na firamare, Umma ta leƙa ƙarƙashin gadona ta gano dukiyata: kwalayen sukari, na taliya, na ashana, da wani jan kwalin sabulu mai ƙamshi da na fi ƙauna. Wata uku ina tara su ina gina gari, har da masallaci da tasha. Itacenmu duk ya jiƙe a makon, don haka ta dube su irin kallon da akuya ke yi wa dusa, ta ce, "Alhamdu lillahi, gobe na samu abin hura wuta."

Na shiga neman dabarar ceton garina kafin gobe. Sai na tuna da durowar kabad ɗin kicin, wadda duk abin da ya faɗa cikinta sai an yi cigiya. Cokula, wuƙaƙe, kanwa, ƙullin daddawa, da wata allura da na tabbata ta girme ni, duk a cakuɗe. Umma na fita barka a maƙwabta, na ɗauko almakashinta na yanyanka kwalayen, na yi wa garina ƙaura zuwa durowa. Cokula suka samu unguwarsu, wuƙaƙe suka samu layi, citta da barkono da kanumfari suka kafa kasuwa kamar ta Babura. Daddawa kuwa, saboda girmanta a miya, na ba ta jan kwalin sabulu. Na daɗe a tsaye, ruwa na buga kwanon rufi a hankali, ina jin kamar na hau dutsen bayan unguwarmu ina hango Kazaure ƙarama, cokula na gaisawa a bakin layi.

Umma ta dawo ta buɗe durowar, ta ƙare wa garin kallo, ta rufe. Kwana uku ina tafiya kamar hakimi. A na huɗu aka yi tuwo da miyar kuka. Abba ya kai loma ɗaya, ya tsaya da tauna, ya ce, "Hajiya, miyar nan wanka ta yi?" Yaya Sani ya rantse har kumfa ya gani a bakinsa. Umma ta miƙe ta nufi kicin, na bi ta ina kuka tun kafin a taɓa ni, don na san garina ya zama toka. Ta sunsuna daddawar, ta zare jan kwalin kaɗai ta jefa a murhu, ta ce, "Sarauniya, gobe ki nemo wa baiwar Allah gidan da ba ya ƙamshi."

Yanzu ina babbar sakandare. Abba ya sayo wa durowar wata roba mai gida-gida daga Kano, komai tsaf, ba ta sa miya wanka, amma ba ta da kasuwa, ba ta da tasha. Har yau in ana ruwa, a hankali nake jan durowar nan, kada in tashi mutanen gari.