Rumbun Kwali da Kuɓewar Inna

Mijina ɗan biɗa ne tun kafin in aure shi. Da an gama yankan hatsi an zuba dammuna a rumbu, sai mazan unguwarmu ta Filinge su yi kudu, bakin teku, sai hadarin farko ya maido su. Wasu matan da dariya suke raka nasu tasha. Ni da faɗa nake raka nawa, in dawo gida in yi kuka. Auren rabin shekara, don Allah wannan ma aure ne?

A wata masana'anta yake aiki can, inda ake niƙa guntayen fata da tsofaffin takardu, a dama, a matse, a fitar da kwali mai kauri irin wanda ake sa wa cikin takalmi da jaka. Shi aikinsa ɗora jiƙaƙƙen kwali a bakin injin busarwa. Labarin injin nan kuwa mun sha shi har kunnuwanmu sun gaji. Wai ya fi babbar mota tsawo, wai kwali na tafiya a ciki bisa waya, iska mai zafi na busa shi sama da ƙasa, ya fito ta ɗaya bakin a miƙe sak. In yana faɗi har lumshe ido yake yi.

Wata kaka, yana cikin wannan labari, haushi ya kama ni, na ce, "To malam, tunda ka san aikin haka, mi ya hana ka yi shi nan, ka huta mu huta?" Ni baƙar magana na yi. Shi kuwa ya ɗauke ta da gaske.

Dukawan kasuwarmu daga Yamai ake kawo musu kwalin da suke ƙarfafa kube da jaka da takalmi. Maigida ya tafi wajen sarkin dukawa, wani tsoho mai ɗan gemu da ba ya yabon komai. Tsohon ya ce in aka kawo masa kwali miƙaƙƙe, wanda ba ya tsagewa in an lanƙwasa, zai karɓa, sauran dukawa ma za su bi. Da maigida ya dawo ya faɗa mini a fili: motar ƙarshe ta 'yan biɗa za ta tashi ranar wata kasuwa mai zuwa. In tsoho ya karɓi kwali kafin nan, ya zauna gida bana. In bai karɓa ba, yana cikin motar.

Wallahi ban taɓa aiki da zuciya ɗaya irin na lokacin nan ba. Muka kwaso guntayen fata daga rumfunan dukawa, muka tsinto buhunan siminti da yagaggun kwalaye, muka jiƙa a rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka raba biyu. Ni ce mai daka. Turmin da na ware wa aikin har yau ba ya shiga girki. A zuba ruwan ƙaro a dama, a shimfiɗa tsakanin katako biyu, a matse da kirik ɗin ɗaga mota da ya aro a gareji. Nan duk lafiya lau. Wurin busarwa ne muka sha wuya.

Muka shanya a rana, kafin azahar sun nannaɗe kamar sakaina. Muka shanya a inuwa, suka ƙi bushewa, suka fara fumfuna. Waɗanda suka ɗan yi kyau kuma akuyar maƙwabciyata ta tsallako danga ta cinye rabinsu, ta tsaya tana kallona tana tauna. Na bi ta da taɓarya har bakin titi. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai ga matar mai masana'anta tana tseren safe.

Sai maigida ya ce tunda ba mu da injin ƙarfe, za mu gina na laka. Ya gina shi kamar rumbu, don shi ne ginin da hannunsa ya sani. A ƙasa ya kifa rabin tano inda za a hura wuta da kara, ya fitar da bututun hayaƙi ta baya, a ciki ya jera ragar waya hawa-hawa, ya yi ƙofa da langa-langa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambaya wane irin rumbu ne ake hura wa wuta a gindi.

Gashin farko ya ba mu kunya. Kwalin ya bushe da sauri ta baki, ya tsattsage, tsakiyarsa kuwa da sauran laima, ga shi duk ya karkace. Maigida ya zauna bisa turmi yana juya guda a hannu. Ga kasuwar ta matso, abin da ya rage mana na gashi ɗaya ne kawai.

Muka jera na ƙarshen da safe, bai ma cika rabin ragar ba. Maigida ya ce zai leƙa tasha ya yi maganar wurin zama a mota, ko da Allah bai yi ba. Na ji maganar kamar an mare ni, na figi mayafi na tafi gidan suna don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Wutar muka bar wa Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da mu, tsohuwar da ba ta iya zama hannu sake.

Ashe Inna na da nata lissafin. Lokacin yankan kuɓewa ne, ta yanka faifai-faifai, ga kabewa, ga daddawar batso da ta kwaɓa ba ta bushe ba, kaji kuma sun hana ta sakat a tsakar gida. Ta duba ta ga rumbu da ɗumi, ga raga rabi ba kowa. Sai ta buɗe ta cika shi taf, ta rufe, ta ci gaba da tura kara abinta.

Tun daga bakin zaure na ji wari. Na buɗe ƙofar langa-langa, tururi ya buge ni a fuska, ga kuɓewa sama, ga daddawa ƙasa, ga kwalinmu a tsakiya yana gumi. Innalillahi! Da wata ce da unguwa ta ji mu, amma suruka ce, sai na cusa bakin mayafi a baki na ciza. Maigida ya shigo ya gani, ya riƙe kai.

"Inna, mi kika yi mani haka?"

"Mi na yi?" in ji ta. "Rumbu na ko ba rumbu ba? Tun da nike ban taɓa ganin an bar rumbu rabi wofi ba ga abinci na lalacewa waje. Takardunka ban taɓa su ba."

Ya ce a rufe a bar shi, abin da ya lalace ya riga ya lalace. Wannan karon kwalin ya daɗe bai bushe ba, muna taɓawa muna jin taushi, har muka fid da rai. Sai da safiyar kasuwa maigida ya buɗe don ya kwashe wa Inna kayanta. Ina tsakar gida na ji ya ƙwala mini kira, "Ke! Zo ki gani!"

Ga su nan a miƙe sak, ba tsaga, ba karkata. Ya lanƙwasa guda ya saki, ya koma yadda yake. Sai ya bugi goshinsa ya fashe da dariya har da hawaye. Wai a bakin injin can akwai wani bututu da ke fesa tururi bisa kwali, shi duk shekarun nan ya ɗauka yoyo ne da aka ƙi gyarawa. Ashe laimar ce ke hana baki bushewa kafin ciki. Na rangaɗa guɗa, Inna kuwa ko a jikinta, tana ta tsince kuɓewarta tana cewa ta yi kyau.

Sauran wari. Muka ɗauki kwalin a ka zuwa kasuwa, mutane na waiwayenmu. Sarkin dukawa ya karɓi guda, ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya yanka gefe da wuƙarsa ya duba ciki. Sannan ya kai hanci, ya ɗago ya dubi maigida.

"Yaro, wanga kwali na ko miya?"

Rumfa duk ta ɗauki dariya. Maigida ya fara rantsuwa cewa gaba kwanon ruwa zai riƙa sawa a rumbun maimakon daddawa, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce wanda ya yi rayuwarsa kusa da majema ba daddawa ce za ta kore shi ba. Ya tura kwalin bayansa, ƙarƙashin buzunsa, ya ce a ƙaro masa wani kwalin ran kasuwa mai zuwa.

Da la'asar muka je tasha raka maƙwabta. Karon farko ke nan da na tsaya wurin da mijina a gefena, mota ta tashi, yana ɗaga mata hannu daga ƙasa. Matan suka yi ta zolayata, wai yau wa zan yi wa faɗa. Na ce su bar ni, ni dai yau daɗi nake ji, kuma ban ɓoye ba.

Washegari na shiga ɗebo hatsin daka. Na auna, na juya zan fita, sai na tsaya. Hannuna ya auna mini na bayan tafiyar mota, babu rabon maigida, kamar yadda ya saba kowace shekara. Na leƙa tsakar gida, ga shi can durƙushe gindin rumbunsa yana jayayya da Inna a kan raga nawa zai bar mata. Na koma na ƙara tiya guda, na cika ta har tana zuba.