Rabi da Rabin Baffa Bube

Duk wanda ya zauna da Baffa Bube ya san ba a kawo masa sabon abu ya karɓa gaba ɗaya. Sai ya raba biyu: rabi ya gwada, rabi ya bari yadda yake. In ka ce masa abin yana da kyau, ya karkata hula ya ce, "Da mi kag gwada shi?" Shi ne yayan mahaifina, shi ya riƙe ni. Sau ɗaya na ga ya ƙi rabawa, ranar da ɗiyata Dije ta kusa tafiya. Amma kafin in kai can, bari in tuna muku ko wane ne shi.

A gona abin ya samo asali. Da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isowa fadama, malaman gona suka kawo sabon irin albasa. Wasu suka shuka shi kaf, wasu suka ƙi shi kaf. Baffa ya yanka gonarsa fangali-fangali don ban ruwa, ya shuka ɗaya sabo, na kusa da shi tsoho, haka har ƙarshen gona, don kada wani iri ya ce an ba shi ƙasa mai daɗi. Da aka cire albasa, sabon iri ya yi rinjaye. Abokinsa Modi ya zo tsiya.

"To Bube, ka sha kaye!"

"Ni? Iri na yas sha kaye. Ni alƙali na."

Daga gona sai abin ya hau jikinsa. Wata ranar kasuwa a Wurno ya tarar da mai magani da lasifika, yana tallan man shafawa mai maganin sanyin ƙashi, da ciwon baya, da mantuwa. Baffa, da gwiwoyinsa biyu suka daɗe suna damunsa, ya saya. Gwiwar dama kaɗai yake shafa wa. Matarsa Inna Hajo ta yi magana har ta gaji.

"Malam, ta hagun mi tay yi maka?"

"Ita ta shaida."

Da wata ya zagayo ya koma kasuwa. Mai magani ya hango shi, ya miƙa masa lasifika don jama'a su ji daga bakin dattijo. Wayyo! Baffa ya gyara murya ya ce, "Jama'a, akwai bambanci. Ta hagu tana ciwo. Ta dama tana ciwo, tana wari."

Sai shekarar da mura ta kama shi tare da Modi. Suka je ɗakin shan magani na ƙauyenmu wajen Sista Rifkatu, ma'aikaciyar lafiya, mutuniyar kudancin Kaduna da ta daɗe a cikinmu. Ta duba su, ta ce mura ce kawai, su sha ruwa mai ɗumi su huta, ba ta buƙatar allura. Modi ya fusata. A wajensa maganin da bai huda fata ba gaisuwa ce. Baffa kuwa murna ta kama shi, ga fangali biyu sun kawo kansu! Shi da kansa ya raka Modi wani kemis a Rabah aka tsira masa allura, shi kuwa ya dawo gida ya sha kununsa. Tare suka warke.

"Ka gani?" in ji Modi. "Allura ta yi aiki."

"Ƙwarai. Ta hana ka zama bisa jaki."

Kada ku ce kullum shi ke da gaskiya. Da Sista ta gano yana da hawan jini, ta ba shi ƙwayoyi, sai ya riƙa sha mako guda, ya bari mako guda. Ya zo ya shaida mata bai ji wani bambanci ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Baba, hawan jini ba ya sallama. Mu tambayi abin awo." Ta ɗaura masa a dantse a makon sha, ta sake ɗaurawa a makon bari, ta nuna masa inda tsinken ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe jikina maƙaryacin shaida na." Bai ƙara tsallake rana ba.

To, ranar Dije. Lokacin cirar albasa ne, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Ba ta cika shekara biyu ba, gudawa da amai suka kama ta tun safe. Kafin azahar idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye, zanen goyonta a bushe. Inna Hajo ta ce haƙori ne, a hana ta ruwa da nono, tunda duk abin da ya shiga fita yake yi. Ni na riga na tada babur zan nemo mai allura a Goronyo. Uwarta Luba ta ruga ta kira Sista.

Sista ta ɗaga fatar cikin yarinyar ta saki, ta tambaya ko akwai jini a bayan gidan, aka ce babu. Ta ɗiga mata ruwa a baki, Dije ta lashe da sauri. Ta ce, "Tana iya sha, alhamdu lillahi. Ruwan gishiri da sukari za a ba ta, cokali cokali, a ci gaba da nono. In ta kasa sha, mu tafi asibitin Wurno a yi ƙarin ruwa. Allura ba ta mayar da ruwan da ya fita."

Inna ta ce a'a, Sista ta ce i. Kowa ya juya ga mai gida. Na san abin da zai ce, kuma ya faɗa.

"A ba ta yanzu, a hana ta da marece, mu ga wane lokaci taf fi."

Sista ta nuna tabarmar da Dije ke kwance. "Baba, fangali nawa ka gani a nan?"

Ya duba. "Guda."

"In wannan ya bushe, ina na biyun?"

Baffa ya sake duban yarinyar. Sista ta sassauta murya. Ta ce wannan rabon an riga an yi masa shi. Likitoci a ƙasashe da dama sun gwada a kan yara masu yawa, sun ga abin da ke tsayar da yaro da ransa.

"Sun raba biyu?"

"Sun raba."

"Tsakani da Allah? Ba su zaɓi ɗiya masu ƙarhi sunka ba su wanga ruwa ba?"

"Ƙuri'a suka yi, Baba, don kada son rai ya shiga."

Ya yi ajiyar zuciya. "To waɗanga manoma na. Hajo, kawo cokali."

Shi ya zauna ya ɗora ta a cinya. Cokali, ya jira, cokali. Ta yi amai, ya dubi Sista, ta ce a dakata kaɗan a ci gaba. Aka kira la'asar ya yi salla a gefen tabarma ya dawo. Leburori suka aiko albasa na kwance a rana, ya ce ta kwanta. Inna Hajo tana ta gunaguni, amma ita ke tafasa ruwan. Rana ta yi sanyi, sai muka ga Baffa ya sandare, ya ɗaga hannuwa sama. Wani danshi yana bin farar rigarsa har ƙasa.

Sista ta tafa. "Fitsari! Ruwa ya zauna a jikinta!"

Luba ta fashe da kuka, ni kuwa na zauna a kan turmi. Baffa ya dubi rigarsa ya ce, "Kai, wagga ɗiya! Ban ruwa nic ce, ban ce ambaliya ba."

Dije yau tana da nata 'ya'yan. Ranar da Baffa ya rasu ita ta fi kowa kuka, tana yi tana dariya, don a ƙarƙashin gadonsa an tarar da takalman roba iri biyu, kowanne ƙafa ɗaya ta cinye, yana gwada wanda ya fi ƙarko. Bai kai ga yanke hukunci ba.

Allah, ga Baffa Bube nan ya zo maka. Ya raba iri, ya raba gwiwa, ya raba takalmi, amma bai raba mana ƙaunarsa ba. Ka yi masa rahama cikakkiya, kada ka bar rabi. Amin.