Baba Placide da Tukunyar Sha Biyar ga Agusta

Ƙarfe goma na safe in ta yi, duk mazaunin benen nan na Thamesmead, a Landan, ya san Baba Placide ya karya kumallo. Zai zauna a kujera, ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya rungumi jita, ƙafafunsa biyu su kama dukan katakon kamar ana sussuka. Haka mutanensu, Acadian na gabashin Kanada, suke kiɗa, ƙafa ce gangarsu.

Shekara ashirin da shida ya yi yana zagaya gidajen kula da tsofaffi, daga Camberwell har Tottenham, yana rera waƙoƙin da ya tsara da Faransancin ƙauyensu, wanda ko Bafaranshe sai ya ce a maimaita masa. Rediyo bai san da zamansa ba. Amma Hajiya Anatu, nas a ɗaya daga cikin gidajen, ta ga tsohuwar da ta yi wata huɗu ba ta ce uffan ba tana buga ƙafa tana dariya.

Matsalar, flat ɗin Hajiya ne a ƙarƙashin nasa, mijinta Wahabu kuma direban bas ne da ba ya wasa da barcin hantsi. Sau biyu ya kai ƙara council, hukumar da ke da gidajen. Takarda ta zo wa Baba: in aka sake ƙara ɗaya, za a karɓe flat ɗin.

Sai ga sha biyar ga Agusta. Ranar ce Acadian kan fito suna dukan tukwane, don duniya ta san korar da Ingila ta yi wa kakanninsu ba ta ƙarar da su ba. Duk shekara shi kaɗai yake yi. Bana Hajiya ta same shi a baranda, ya naɗe ludayi da safa, yana ɗan taɓa tukunya kamar mai gwada kankana. Ta so ta yi dariya, tausayi ya hana ta.

Da ya yi mata bayani, sai ta leƙa ƙasa ta ƙwala wa mijinta kira. "Abban Ummi! Hawo min da tukunyar tuwo da murafai!"

"Hajiya, ni fa na yi complain."

"To yau za ka yi withdraw."

Kafin la'asar mata goma sha ɗaya sun cika barandar. Jami'in da council ta turo bin bahasin ƙarar ya tarar da mai ƙarar sharkaf da gumi, murfi a kowane hannu.

"Hayaniya? Ni dai ban ji komai ba," in ji Wahabu. A nan aka rufe fayil.

Baba Placide, makaɗin ƙafa, ga shi gwiwa ta sa ka ajiye yawon waƙa a wannan watan. Kai ne ka kai wa tsofaffinmu dariya da harshen da ba sa ji. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Duk mai maƙwabcin da ke raya gadonsa shi kaɗai, ya hau ya taya shi, mai gadon kuma kada ya fasa. An kori kakanninka daga gidajensu, amma kai kam, a cikin Ingilar nan, ba mai fitar da kai.