Dutsen Alwalar Kaka

Jiya ina dawowa daga jami'a, nan Damagaram, na wuce wani mai sayar da dashe a bakin titi. Ya jera ƙananan itatuwa cikin baƙar leda. Na tsaya kamar mai niyyar saye, alhali ɗakin haya nake, ba ni da ko taki ɗaya na ƙasa. Wani ɗan lemun tsami ne mai ganye shida ya tsayar da ni. Irinsa aka taɓa miƙa mini ina ɗan shekara tara, kuma saboda shi na yi abin da ban taɓa gaya wa abokan karatuna ba. Kai da ba ka san fuskata ba, kai zan iya gaya wa.

Ƙauyenmu yana kusa da Yekuwa. A shekarar, bayan an gama yankan gero, mushe, wato malaminmu na boko, ya kawo dashe lakwal, makarantarmu, ya raba mana ɗaya ɗaya. Daga gidanmu mu biyu ne, ni da taubashina, ɗan gwaggona, wanda Kaka yake riƙo. Mushe ya rubuta a allo yadda ake yi: zurfin rami kaza, taki huɗu daga katanga, wurin da rana ke samu. Na kwafe komai a kaye, littafina na rubutu. Yamma biyu na yi ina awo da igiya a can ƙarshen tsakar gida, kusa da rumbu.

Taubashina ko harafi bai rubuta ba. Ya ɗauki wata tsohuwar hauya ya tona rami a ƙofar ɗakin Kaka, ya cusa nasa, ya tafi wasa. Ramin ko daidai bai yi ba, ga shi dab da bango. Na yi masa dariya a zuci.

A wannan ƙofar akwai wani baƙin dutse mai faɗi, tsohon dutsen niƙa da aka daina aiki da shi. A kansa Kaka yake zama ya yi alwala. Idanunsa sun riga sun yi rauni, da sanda yake lalubo shi.

Lokacin sanyi ba mu ga bambanci ba, don Inna takan ba kowannenmu moɗa ɗaya ya kai wa dashensa. Sai bazara ta shigo, rijiyarmu ta ja baya har guga yana fitowa da rabin laka. Baba ya koma zuwa wata rijiya mai nisa da amalanke, ya dawo da bido shida, jarkokin ruwan da za su riƙe gida kwana biyu. Daga ranar Inna ta kafa doka: ba ruwan da zai taɓa ƙasa bai yi aiki biyu ba. Ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi, na awaki ne, kuma sun san ƙarar ƙwaryar, da sun ji za su fara kuka. Wanka a cikin tasa ake tsayawa, abin da ya taru a jiƙa kayan wanki da shi. Ruwan wankin kuma ya wuce makewayi. Moɗar dashe aka fara sokewa.

Ruwa ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba. Wa zai ce da Kaka ya tara ruwan alwalarsa? Shi ma ba mai ɓarna ba ne, buta ɗaya takan kai shi salla biyu. Amma ɗan abin da ke zubowa daga gemunsa da gwiwar hannunsa, sau biyar a yini, yana gangarawa ne kai tsaye gindin lemun taubashina.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da nake ji ba idan na ji an kira salla. Nakan zauna a inuwar rumbu da littafi a buɗe, ina kallo ta saman shafi. Ƙasar gindin nasa kullum baƙa ce, tana ƙamshi irin na farkon damina. Ya fitar da sabon ganye mai sheƙi, kudan zuma suna zuwa shan laima. Nawa kuwa, wanda aka dasa bisa ƙa'ida, ganyensa ya fara naɗewa kamar kunnen ɓera. Taubashina bai taɓa tsugunawa ya dubi nasa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na ƙulla a zuciyata cewa Kaka shi ya fi so, ruwan ma da gangan yake karkata masa.

Na gwada ruwan wanki a ɓoye, sabulu ya mayar da ganye biyu rawaya. Sai na koma guntsar ruwan shana. In an ba ni moɗa in sha rabi, in riƙe sauran a baki, in lallaɓa bayan rumbu in zuba masa. Rana ta huɗu Inna ta tare ni.

“Me ke cikin bakinka?”

Na girgiza kai.

“To yi mini sallama in ji.”

Haka na haɗiye rabon lemuna ina hawaye.

Ana cikin haka gwaggo ta haihu a Waca, aka tura taubashina can kwana uku. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, na je na kama dutsen. Ban iya ɗaga shi ba. Jan shi na yi, ina hutawa, har gindin dashena. Na dawo da tsintsiya na share sawun da ya bari.

Da azahar Kaka ya fito da butarsa. Sandarsa ta bugi ƙasa inda ta saba bugun dutse. Ya sake bugawa gefe, ya sake. Ya tsaya cikin rana, tsoho mai butar ruwa, yana lalube a ƙofar ɗakinsa. Wannan tsayuwar ban shirya mata ba. Na tashi na kama bakin sandar na ja shi har inda na kai dutsen. Ya zauna. Ya miƙa hannu ya taɓa ganyen, ya murza ɗaya ya kai hanci. Sannan ya yi bisimilla. Da Inna ta leƙo tana tambayar wanda ya taɓa dutsen, cewa ya yi, “Bar shi nan tukuna.”

Kwana uku ina jan sandar Kaka sau biyar a yini. Dashena ya ɗan miƙe. Na taubashina, da bai saba da ƙishi ba, ya sunkuyar da kai tun rana ta biyu. Zan so in ce maka na ji tausayinsa. Daɗi na ji.

Da ya dawo ya gani, ko ruwa bai sha ba ya shaƙe mini wuyan riga. Muryar Kaka ce ta raba mu.

“Kai, ɗan mushe, zo nan. Kwana uku na ba ka ko za ka mayar da dutsen da kanka.”

Ni da ba na iya ɗaga ido gaban manya, sai na ji bakina yana cewa, “Ai kullum nasa kake ba.”

Kaka ya yi dariya har da tari. “Dutsen nan yana wurin tun ba a haifi ubanka ba. Ni ban bi kowa ba, shi ya biyo ni. Kana can kana duba takarda, shi yana duba inda ruwa ke zuba.”

Ya sa muka mayar da dutsen mu biyu. Sannan ya yanke hukunci: in ya zo wanke ƙafa, in tara masa ƙaramar tasa, abin da ya zuba nawa ne. Fuska da hannu kuwa na taubashina.

“Ka ji, mai ruwan ƙafa!” in ji taubashina. Sunan da ya bi ni ke nan har na bar ƙauye.

Ka san halina, sai da na auna. Ruwan ƙafar bai kai rabin na fuska da hannu ba, ga shi da ƙasa a ciki. Na ci gaba da tara tasar sau biyar a yini ina jin an cuce ni, har ruwan farko ya sauka. Dashena ya rayu da kyar.

Yau Kaka ba ya duniya. An gina rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a bakin gari, an jawo famfo har tsakar gidanmu. Yara suna buɗe shi su bar shi yana zuba har lungu, Inna tana faɗa daga ɗaki ba mai saurarenta. Ƙasari ma wani lokaci zubar da shi ake yi, awaki suna kallo. Taubashina ne ke riƙe da gonar gida. Lemunsa ya wuce katanga, a gindinsa ake karɓar baƙi, in zan dawo makaranta kuma yakan cika mini leda. Nawa yana nan kusa da rumbu, bai wuce kafaɗata ba, ƙaya ta fi ganye yawa, bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. An ce saiwarsa ce ta tsure tun wancan ƙishin.

Hutun da ya wuce, da la'asar, na cika buta na wuce famfon, na tafi gindin lemuna na tsuguna. Na wanke hannu, na wanke fuska sau uku a hankali. Taubashina yana kishingiɗe a inuwar nasa ya ɗago kai.

“Malam, a rage wa namu ko na ƙafa ne!”

Na yi dariya tare da shi. Amma ban rage masa ko ɗigo ba.