Kafaɗar Usman

Ranar Asabar ce, cikin sanyin Janairu, a shekarar da 'yan sanda suka ɓace daga titunan Alƙahira. Na tashi kamar kullum. Na yi sallar asuba, na sauka na bi layin burodi a bakin lungunmu na unguwar Arba wa Nus. Ana ta maganar abin da ya faru jiya a tsakiyar gari, amma burodi ya fito da zafinsa, mai dafaffen wake ya kafa tukunyarsa inda ya saba. Hajiyar da nake wa girki a Ma'adi ta bugo ta ce kada in zo, hanya ba kyau. Sai na shiga ɗakin Usman shan shayi.

Usman tela ne, Bahaushen Sudan, mutumin Maiurno. Ɗakinsa yana kallon nawa a hawa na uku. Yana da mata, Batula, da 'yarsu Amira da ba ta fara tafiya ba. A haife zan haife shi. Sarkin Baka yake kirana, don na cika masa kunne da labarin farauta. Ba ƙarya nake yi ba. Ƙuruciyata duk a dajin Falgore na ƙarar da ita, da bindigar toka a kafaɗa, kafin girki ya kai ni gidan wani ma'aikaci da ya taho da ni Masar, ya koma ya bar ni.

Yana taka keken ɗinki ya ce, "Sarkin Baka, yau wace ɓauna za ka kashe mana? Ta jiya ai ƙahonta uku." Batula ta yi dariya daga bayan labule. Na ja wuyan rigata na nuna masa kantar da gindin bindiga ya bar mini a kafaɗar dama. Ya ce ai wannan tabon ɗaukar tukunya ne.

Bayan azahar labari ya canja. An ce an fasa gidajen yari. An ce ɓarayi na shiga unguwanni da motoci. A talabijin ɗin mai shayi ana cewa akwai hannun baƙi a cikin fitinar. Na lura mutum biyu da muke gaisawa kullum sun daina kallona a ido. Takardar zamana kuwa ta daɗe da ƙarewa.

Da aka sallame la'asar, mazan lungu suka tare bakin hanya da duro da katako da wata tsohuwar ƙofa. Kowa ya fito da abin da yake da shi: gora, wuƙar fawa, ƙarfen gado. Ni da Usman muka sauka, don kada a ce baƙaƙen gidan sun ɓuya. Daga nesa ana jin harbi, ɗai-ɗai, ta wajen babban titin Suwes.

Sai mai gidan da muke haya, Hajji Ramadan, ya fito da bindigar mahaifinsa a naɗe cikin bargo. Mai baki biyu ce, ta harbin tsuntsu, doguwa, mai nauyi. Shi idonsa ya yi rauni. Ɗansa Mahmud ɗan makaranta ne, bai taɓa riƙe ta ba. Hajji ya ɗura mata harsashi biyu, ya ɗaga ta, ya tambaya da Larabci wa ya iya.

Usman ya juyo ya dube ni. A hankali, da Hausa, ya ce, "Sarkin Baka?"

Na sunkuyar da kai. Na ja da baya har na jingina da bango. Abin da ke raina shi ne gobe. Gobe wani zai tuna cewa tsohon baƙin nan ya iya bindiga, ya tambayi inda ya koya.

Usman ya miƙa hannu ya karɓa. Mutane suka buga masa baya. Yana murmushi, yana jin an sa shi cikin 'yan lungu.

Na ga yadda ya riƙe ta. Gindinta bai zauna a kafaɗarsa ba, akwai tazara kamar faɗin tafin hannu. Ya haɗe ƙafafunsa wuri guda. Ya sa yatsa biyu a kan kunamar, kowane baki da nasa. Duk wanda ya taɓa harbi ya san bindiga tana shuri. Idan ka manna ta a jikinka, ta ture ka kawai. Idan ka bar mata fili, ta taho da gudu ta doke ka. Ranar farko ake koya wa yaro wannan a garinmu. Ba sai na taɓa ta ba ma. Da na ce masa manna ta, raba ƙafa, cire yatsa ɗaya, ya wadatar. Da Hausa zan faɗa, ba mai ji. Ban faɗa ba. Na ce a raina ba za a kai ga harbi ba.

Rana ta yi ja lokacin da muka ji ƙarar mota. Akori-kura ce, ta shigo daga titi da gudu, tana ƙarar ƙarafa. Aka yi mata ihu ta tsaya. Ba ta tsaya ba.

"Harba sama!" Muryar Hajji ce.

Usman ya ɗaga bakin, ya danna. Ƙarar ta cika lungu. Gindin bindigar ya doke shi, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya tafi da baya. Yana cikin faɗuwa bakin ya sauko gefe, na biyun ya tashi. Mahmud ya zube riƙe da cinyarsa.

Mu da muke wurin mun ga yadda aka yi. Amma ƙarar ta jawo mazan lungun gaba, su kuwa abin da suka tarar shi ne ɗan Hajji cikin jini da baƙin mutum kwance kusa da bindiga. Wani ya yi ihu cewa Basudane ya harbe yaro. Hajji yana durƙushe kan ɗansa, bai ɗago ba. Gorar farko ta sauka a kan Usman.

Ta tsakanin ƙafafun mutane Usman ya hango ni. Hannunsa na dama yana lilo. Kalma ɗaya ya faɗa. "Batula."

Na hau bene da gudun da ban san ina da shi ba. Na same ta a bakin taga, ta ga komai. Tana neman sauka wurinsa na tare ƙofa. Na ɗauki Amira na danƙa mata. Ba mu ɗauki komai ba, ko takalmi ba ta sa ba. Muka hau rufin gida, muka tsallaka katanga zuwa rufin maƙwabta, muka bi ta cikin kejin tantabarunsu, muka sauka ta matakalarsu zuwa lungun baya. Muna sauka na ji an fasa ƙofar ɗakunanmu.

Ana kiran magariba muka bi ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da suka ratsa unguwar. Suna ta zuza a samanmu. Kwalba ta yanke Batula a ƙafa. Na yagi rawanina na ɗaure mata.

Kowane bakin titi da nasa shingen. "Tsaya! Daga ina?" Sai in ɗaga hannu, Batula ta buɗe mayafi su ga jaririya. A wani shingen wani saurayi ya ɗora mini wuƙa a wuya, wani dattijo ya ture hannunsa ya ce mu wuce. A babban titi tankar soja na tsaye, yara suna ɗaukar hoto a jikinta. Ba a kira isha ba muka isa unguwar Hayyul Ashir, gidan wasu ɗalibai 'yan Gusau da nake kai wa tuwo ranar Juma'a. Suka ba Batula ɗaki, su suka kwana a falo.

Kwana uku ba labari. A na huɗu Hajji Ramadan da kansa ya kira wayata. Ya ce Mahmud zai rayu. Ya ce motar nan tukwanen gas ta ɗauko, birkinta ne ya tsinke. Ya ce ya yi ta gaya wa mutane ba da gangan ba ne, amma sai bayan an gama. Sannan ya faɗi asibitin da za mu je.

Usman ba shi da namiji nasa a garin, sai ni aka ba wankan gawarsa. Fuskar ba zan yi bayaninta ba. Da na yaye zanen na ga kafaɗar dama. A cikin duk raunukan da ke jikinsa, wannan kaɗai na gane. Baƙin shati ne, daidai girman gindin bindiga, ƙashin wuya ya karye a ƙarƙashinsa. Wurin da tawa kantar take. Na ɗora tafin hannuna a kai, na daɗe ban ɗauke ba, har ɗalibin da ke zuba mini ruwa ya ce, "Baba, ruwan zai huce."

Batula ta koma Maiurno wurin iyayenta kafin zafi ya shigo. Ba ta taɓa tambayata komai ba, alhali duk labaran ɓaunar nan a bayan labule ta ji su. Mahmud yana tafiya, da ɗan ɗingishi. Keken ɗinkin ba a same shi ba. Amira yanzu ta isa shiga makaranta. An ce doguwa ce kamar ubanta.