Bango Ɗaya Tsakanin Siton Masara Da Ɗakin Baba

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ban daɗe da aure ba, kuma ni ne manajan wata babbar gona da ke kan hanyar Keffi zuwa Nasarawa. Aikin gona na karanta a jami'a, kuma ina ji da wannan takarda ƙwarai. Mai gonar, wanda zan kira Alhaji kawai, ɗan kasuwa ne da ke zaune a Abuja, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Komai yana hannuna: tarakta, iri, taki, leburori. Masara da waken soya muke nomawa, inda muka sa masara bana sai mu sa wake baɗi, don ƙasa ta huta. Ina kwana a gidana a Angwan Iya, cikin garin Keffi, kullum da sassafe in ɗauki a-kori-kurar gona in tafi. Na rubuto ne saboda shekara huɗu ke nan abin yana raina, kuma ina ganin mutane da yawa suna yin irin abin da na yi ba tare da sun san hatsarinsa ba.

A gonar akwai wani dattijo, ɗan ƙabilar Eggon, shi ne shugaban leburori. Kowa Baba yake ce masa, har ni. Ya fi shekara ashirin yana aiki a wurin, tun kafin Alhaji ya saye ta. A cikin gonar yake zaune da matarsa, wadda muke kira Mama, ita ke dafa wa ma'aikata abincin rana, da wata jikarsu 'yar shekara huɗu da suke riƙo. Ɗakinsu a jikin siton hatsi yake. Gini ɗaya ne, rufin kwano ɗaya, bangon bulo ne kawai ya raba su. Baba mutum ne mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan karin harshensu, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Manaja. Ni kuwa, gaskiya, ina girmama shi a baki ne, amma a zuciya ina ganin duk abin da ya sani na gargajiya ne.

Shekarar damina ta yi kyau. Mun girbe masara, mun busar, injin ya sussuke, muka ɗura a buhuna muka jibge a sito har kusa da rufi. Sai waken soya ya nuna gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ya taɓa noma shi ya san halinsa: idan ya bushe ba ya jiran kowa, rana na dukansa kwanson zai riƙa fashewa, waken ya watse a ƙasa kana kallo. Hankalina duk ya koma can. Ana cikin haka, wata Laraba na shiga sito na soka hannu a wani buhu, sai na fito da gari da ƙananan ƙwari suna yawo a tafina. Kuma a mako mai zuwa ne mutanen wani kamfanin abincin kaji za su zo duba masarar. Idan suka ga ƙwari, sun tafi ke nan, ni kuma ban san da wace fuska zan kalli Alhaji ba.

Nan take na shiga gari na sayo ƙwayoyin maganin nan da ke zuwa a gwangwani, waɗanda ake sakawa tsakanin buhuna su riƙa fitar da iska mai guba. Na san ƙa'idarsu sarai, na karanta, har jarrabawa na rubuta a kai. Ba a sa su a ginin da mutane ke kwana. Da Baba ya ga gwangwanayen ya biyo ni, ya ce a hankali ko zan bari su kwashe kayansu su koma rumfar tarakta na 'yan kwanaki, ko kuma a bari sai an gama wake a fito da buhunan waje a yi aikin a fili. Na ce masa ba ni da hannun da zan ɗauke daga gonar wake, kuma bangon bulo ne, ga tamfol zan lulluɓa, babu abin da zai ratsa. Ya ce saman bangon bai kai rufi ba, silin ne kawai ya rufe. Na yi dariya na ce masa wannan fannina ne, ya bar mini. Saboda gaggawa na ninka adadin ƙwayoyin, tamfol ɗin ma yana da yaga biyu da na gani da idona na ce ba komai. Muka kulle sito bayan la'asar na tafi gida.

Washegari da safe Baba ya fito aiki yana dafe goshi, ya ce kansa ke sarawa, Mama ma ba ta jin daɗi. Na ce rana ce da gajiya, na ba shi maganin ciwon kai daga mota. Wallahi ko kaɗan tunanina bai je wurin sito ba, wake kawai nake gani. Wajen ƙarfe ɗaya abinci bai zo ba. Wata mata daga cikin masu tuge wake ta je dubawa, sai ga ta ta dawo a guje tana ihu. Muka ruga. Mama tana kwance a bakin ƙofa ta yi amai, tana riƙe da ƙirji tana jan numfashi da ƙyar. Yarinyar tana kan katifa, jikinta ya saki, idonta a lumshe. Tun safe suna ciki da ƙofa a rufe. Ina sa ƙafa a ɗakin wani wari ya buge ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. A wannan daƙiƙar na san abin da na yi. Mutane suna ta faɗin nasu, wannan ya ce kwalara ce, wancan ya ce abinci ne. Na riƙe numfashi na sunkuci yarinyar, aka kamo Mama, na ce kowa ya fita a ja ƙofa. Amma ban faɗi dalili ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Kuskuren saka maganin wauta ce da girman kai. Shirun da na yi bayansa kuwa da sanina na yi shi. Duk tsawon hanyar zuwa Keffi, ina tuƙi, abin da ke kaina shi ne aikina, da 'yan sanda, da matata da ke da ƙaramin ciki, da abin da za a ce a unguwa. A asibiti nas ta tambayi abin da suka ci ko suka sha. Baba ya ce tuwo ne da miyar kuɓewa irin na kullum. Ta juyo gare ni, na ce ban sani ba, wataƙila ruwa ne. Aka sa musu ƙarin ruwa, aka fara bincike ta wajen abinci. Na koma kan benci a baranda na zauna kamar an dasa ni.

Can Baba ya fito ya zauna kusa da ni. Ya kama hannuna ya yi mini godiya, ya ce ba don na yi gudu da mota ba da bai san yadda za ta kasance ba. Sannan ya ce ya kira ƙanwar Mama, tana kan hanyar gona da goyonta, za ta share ɗakin ta wanke kaya, ta zauna a can har a sallame su. Ya nemi in ba wani direba mota ya kai mata shinkafa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, kira ta yanzu. Kada ta shiga ɗakin nan. Maganin da na sa ne." Ya dube ni, ya ciro waya. Sau biyu tana ƙara ba a ɗauka ba. Ban taɓa jin tsawon lokaci irin na wannan ƙarar ba. A na uku ta ɗauka, ta ce yanzu mai babur ya sauke ta a bakin gona. Na bar shi yana mata bayani da yarensu, na kutsa ofishin likita ba sallama, na faɗa masa sunan maganin da adadin da na sa da lokacin da na sa.

Likitan ya ajiye biro ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun a gona. Ya ce, "Kusan awa biyu kana zaune a waje, muna neman abin da ka riga ka sani?" Bai jira amsa ba ya fita da sauri. Aka sa musu iskar oksijin, aka mayar da su ɗakin da ake sa ido sosai, aka riƙa duba bugun zuciyarsu. Baba ma aka kwantar da shi aka duba shi. Daga baya likitan ya gaya mini cewa wannan guba ba ta da makari, taimaka wa jiki kawai ake yi har ya fitar da ita, kuma zuciya take kamawa, don haka kwanakin farko su ne abin tsoro, musamman ga yarinyar.

Kwana uku ina zarya tsakanin asibiti da masallaci. Waken da na fifita a kan komai ya yi ta fashewa a gona, ban ko tambaya ba. Na kira Alhaji na gaya masa komai ba ragi, ya yi faɗa sosai, ya zo da kansa washegari. Ran Lahadi da hantsi ina shiga ɗakin sai na tarar da yarinyar a zaune, tana rigima wai ita ba za ta sha koko ba sai shayi. Mama tana jingine da filo tana lallashinta. Na durƙusa a nan bakin gado na fashe da kuka a gaban kowa. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na wannan safiya ba, kuma ba na jin zan sake ji.

Bayan an sallame su na je na tsuguna gaban Baba da Mama na nemi gafara. Mama ta ce ta yafe, Allah ne ya tsare. Baba kuwa ya ce maganar magani ya yafe tun a asibiti, don kowa yana kuskure. Amma awa biyun nan da na yi shiru, in ba shi lokaci. Na ce ya yi gaskiya. Ya kusa shekara kafin ya koma yi mini wasa kamar da, kuma ban ga laifinsa ba. Alhaji bai kore ni ba, ya dai sa aka gina musu ɗaki can nesa da sito, aka kuma kawo masu aikin feshi suka buɗe siton ya sha iska kwanaki kafin kowa ya shiga. Yarinyar yanzu tana aji uku a firamare, lafiyarta ƙalau. Duk ranar da na gan ta ta dawo da jakarta sai na yi hamdala a zuciyata.

Abin da na koya shi ne karatu bai hana ni komai ba, don na san ƙa'idar na take ta da gangan, saboda ina sauri kuma ba na son a ce dattijon da bai je makaranta ba ya gyara mini. Ina roƙon manoma da 'yan kasuwar hatsi, da matan da ke ajiye buhun masara ko wake a gida: kada ku sa ƙwayoyin nan a ginin da ake kwana, ko da akwai bango, ko da ƙwaya ɗaya ce. Iskar tana bi ta silin, ta ƙasan ƙofa, ta tsagar da ido ba ya gani. Idan kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, ku fitar da mutane fili, ku ɗauki gwangwanin ku tafi da shi asibiti, ku faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa. Ni Allah ya rufa mini asiri ban ɗauki ran kowa ba, amma ba dabarata ba ce, kuma ba kowa ake yi wa irin wannan sassauci ba.